Daren da Na Kwana a Layi Don In Gano Ciyawar Wimbledon

Kawuna ne ya ja mini kwanan waje a ƙasar Turawa. Tun yana ɗan yaro ya kamu da son tanis, zamanin da yake tsintar wa manyan ma'aikata ƙwallo a Kano Club, kuma har gobe in ana gasar Dala ba ya fashin zuwa kallo. Duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha labarin Nduka Odizor, ɗan Najeriyar da ya fitar da Guillermo Vilas a zagayen farko na gasar Wimbledon ta 1983 bayan an riga an ci shi turmi biyu, ya kuma yi ta tafiya har zagaye na huɗu. Turmi yake ce wa kowane babban kashi na wasan, aron bakin 'yan dambe, ni ma a bakinsa na ɗauka. Ranar da zan taho Landan karatu kowa ya ba ni sautunsa, wannan turare, wancan agogo. Kawu ya ce shi ba ya son tsaraba. "Ka je ka gano mini ciyawar nan da idonka. A talabijin kamar darduma take. Ka gaya mini ko da gaske ciyawa ce."

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, in shiga intanet in sayi tikiti in huta. Ashe ba haka ake shiga Wimbledon ba. Hanya ta farko ƙuri'a ce, wadda suke yi tun 1924: ka ba da sunanka tun shekarar da ta gabata, in Allah ya ci da kai a zaɓa maka rana da fili, ba kai za ka zaɓa ba. Na sa sunana, ba ta faɗo kaina ba. Hanya ta biyu ta masu hannu da shuni ce, kujerun da kuɗin guda ɗaya zai biya mini hayar ɗaki ya bar canji. Ta uku ita ce layi. Kullum ana ware tikiti kusan 500 na Filin Tsakiya, 500 na Fili Na Ɗaya, 500 na Fili Na Biyu, da wasu dubbai na shiga harabar kawai, a sayar wa waɗanda suka bi layi, wanda ya riga zuwa ya riga samu. A kwanaki huɗun ƙarshe ne kaɗai ba a sayar da na Filin Tsakiya ta wannan hanya.

Muka shirya ni da abokin zamana, wani Bazazzage mai karatun harhaɗa magunguna. Bai san tanis ba ko a mafarki, amma ya ce ba zai bar Bakano ya tafi shi kaɗai ya je ya kunyata mu a gaban Turawa ba. Ranar Lahadi 29 ga Yunin 2025, ana gobe za a buɗe gasa, muka yi la'asar, muka ɗauki tantin aro da bargo biyu da kular dafa-duka da filas ɗin shayi, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muka canja a Earl's Court, muka sauka a Southfields. Ko ba ka san hanya ba ba ka buƙatar tambaya, masu goyon tanti kawai za ka bi har cikin Wimbledon Park, makeken filin shaƙatawa da ke tsallaken titi daga inda ake gasar.

Ina ta yi wa kaina kirari a hanya, wai mun yi sammako, tunda sai gobe ƙarfe 10 za a buɗe ƙofa. Muna shiga na tuna maganar mutanenmu: in kai ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Tantuna ne sahu-sahu iya ganinka, kamar Mina a ƙaramin sikeli. Na gaba-gaba wai tun Juma'a suke nan. Can ƙurya aka kafa wata babbar tuta mai harafin Q, alamar nan ne wutsiyar layi, muka nufe ta. Wani dattijo cikin masu kula da layin ya nuna mana inda za mu ajiye kaya, ba da jimawa ba wata yarinya ta zo ta duba rajistar da muka yi a manhajar gasar a wayoyinmu, ta miƙa wa kowa kati. Nawa lamba 2,846, na Bazazzage 2,847. Ya ce da ma ya bar ni na shiga gaba ne saboda Bakano ba ya iya haƙurin baya.

Katin nan shi ne komai. Yana da kwanan wata da lamba, ba a karɓar wa wani, ba a ajiye wa wanda ke hanya. In matarka tana bayi lokacin rabo, sai ta fito ta karɓi nata da hannunta. Ba a barin layi fiye da minti 30. Ba a kunna wuta ko gasa nama. Ƙarfe 10 na dare a kashe kiɗa. Tanti kada ya wuce na mutum biyu. Duk wannan a rubuce yake, suna da kundi guda na ladubban bin layi, kuma ba da wasa suka rubuta shi ba.

Ni na san layi. Na kwana a layin mai, na wuni a ƙofar banki lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Abin da ke cin rai a irin wancan layin ba tsayuwar ba ce, ganin wanda ya zo bayanka da awa biyar an buɗe masa ƙofar gefe ne, don shi ya san wani. A nan, da na karɓi katina sai na ji kafaɗuna sun sauka. Na san ba zan samu Filin Tsakiya ba, lissafi ne mai sauƙi, kujeru 1,500 ne kuma mutum 2,845 suna gabana. Amma na kuma san ba wanda zai zo da asuba cikin babbar mota ya koma gabana. Sanin nan kaɗai ya sa na iya kwanciya.

Kwanciyar ma sai da ta so ta gagara. Muka zazzage jakar tanti, babu turakun da ake kafe shi da su, mai aron ya manta ya sa. Muna tsaye cirko-cirko, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, sai wata tsohuwar Baturiya a tantin gefenmu ta leƙo, ta dube mu, ta koma ciki ta fito da turaku shida da 'yar guduma. Ta ce kullum da rara take zuwa, don duk shekara sai ta haɗu da irinmu. Mama muka riƙa ce mata, ta ce ta karɓa. Muka zuba mata shayi mai citta da kanumfari, ta kurɓa ta yi tari, ta kuma miƙo kofi a ƙara.

Daga bakinta na fara jin tarihin wurin ba a takarda ba. Ta ce tun zamanin zakarun tanis Borg da McEnroe take bin layin nan, lokacin a gefen titi ake kwana, kan siminti, ruwa na dukan mutane. Ta tambaye mu ko mun san dalilin da ya sa aka fara gasar. Muka ce a'a. Ta ce gyaran rola ne. Kulob ɗin asalinsa na wani wasa ne da ake buga ƙwallon katako da guduma a kan ciyawa, an kafa shi a 1868, filinsa na farko kuma a Worple Road yake. Suna da wata katuwar rolar daddaɓe fili da doki ke ja, ta lalace, babu kuɗin gyara, sai suka ce bari a shirya gasar wannan sabon wasan na tanis a tara kuɗin ƙofa. A 1877 ke nan. Maza 22 suka ba da suna, wani Spencer Gore ya ci, 'yan kallon wasan ƙarshe kusan 200, kowa ya biya sule ɗaya. Bazazzage ya ce ashe dai gidauniya aka kafa. Mata sai 1884 aka ba su tasu gasar, Maud Watson ta ci. A 1922 aka taso zuwa Church Road inda ake yanzu, aka taho da sunan Filin Tsakiya, wanda a tsohon wuri da gaske a tsakiyar sauran filaye yake. Ta nuna can wajen da rufinsa yake, ta ce a Oktoban 1940 bom ɗin Jamus ya faɗa masa ya cinye kujeru 1,200. Yaƙin duniya biyu da annobar korona a 2020, su ne kawai suka taɓa hana a yi gasar.

Amma abin da ke cin Mama a daren nan ba tarihi ba ne, gobe ce. Shekarar 2025 ɗin ce ta farko da za a buga babu alƙalan layi, mutanen nan masu kwat da ke tsayawa a bayan fili suna duƙe, su daka tsawa in ƙwallo ta fita. Tun 1877 suke nan, yanzu an maye gurbinsu da kyamarori da muryar da aka naɗa. Ta ce ita ba ta musun na'ura ta fi ido gani, amma wa ɗan wasa zai harara? Ta lissafa mini abubuwan da ta ga an canja da idonta: farar ƙwallo ta koma ruwan ɗorawa a 1986 saboda talabijin, an daina tilasta wa 'yan wasa rusuna wa rumfar sarauta a 2003 sai in sarauniya ko yarima mai jiran gado na wurin, an yi wa Filin Tsakiya rufi mai buɗewa da rufewa a 2009, an soke hutun Lahadin tsakiyar gasa a 2022. Na ce Mama, to mene ne ya rage? Ta buga ƙasa da tafin hannunta, ta ce wannan. Layin take nufi.

Lokacin bazara a Landan sai mai salla ya yi da gaske. Magariba ba ta yi ba sai bayan tara da kwata, asuba kuma tun kafin ƙarfe uku. Muka yi alwala da gorar ruwa a bayan tanti, muka duba alƙibla a waya, muka shimfiɗa bargo. Ba wanda ya kalle mu sau biyu, sai wani yaro da ya tsaya da ƙwallonsa a hannu har muka sallame sannan ya wuce ta gabanmu. Tsakanin lisha da asuba barcin bai fi na awa uku ba, ga minsharin maƙwabta ta kowace kusurwa, tanti ba bango ba. Na koma bayan asuba, ina cikin daɗin barci, rana ta riga ta fito tun kafin biyar, sai na ji ana bi tanti-tanti ana tashin mutane cikin ladabi, wai a naɗe kaya.

Daga nan abin ya koma aiki. A kwance tanti, a kai shi rumfar ajiya a biya 'yan kuɗi kaɗan a karɓi shaida, a dawo a tsaya bisa lamba. Nan na yi asarar filas ɗina na yinin ranar, da kular ma, don ba a shiga da babban filas ko mazubi mai tauri, kuma jaka ɗaya ce ga kowane mutum, ita ma da iyakar girmanta. Laifina ne, a rubuce yake ban karanta ba. Muka shanye abin da za mu iya a tsaye, saura muka raba wa maƙwabta. Wajen bakwai da rabi aka fara bi daga gaba ana ɗaura wa masu rabo wani warwaron takarda a hannu, kowane babban fili da launinsa. Muna hangen masu rabon daga nesa har suka ƙare, ba su ko kusanto sahunmu ba. Na waiga baya, sai na ga mu ma ashe 'yan gata ne. Waɗanda suka zo da jirgin farko na safe sun cika filin maƙil, har mutane suka haura 10,000 aka fara sanarwa a tashoshi cewa wanda bai taso ba ya yi zamansa.

Layin ya fara motsi, taku goma a tsaya, taku ashirin a tsaya, ana duba kati a kowace mahaɗa. Aka kai mu rumfunan sayar da tikiti, na biya fam 30 da katin banki. Aka binciki jaka. Ƙarfe goma da rabi ta ɗan gota muka sa ƙafa a ciki, awa goma sha biyar bayan karɓar kati.

Abin da ya fara bugun idona launi ne. Komai kore ne mai duhu da shunayya, launukan kulob ɗin tun 1909, har furannin da aka jera. Ba allunan talla barkatai irin na filin ƙwallon ƙafa. Mama ta ja mu wajen mutum-mutumin Fred Perry, ta ce mu gaishe shi. Shi ne Baturen Ingila da ya ci gasar sau uku a jere, 1934 zuwa 1936, daga shi kuma masu gida suka shiga fari a gasar maza, suna shirya biki baƙi na cinye tuwon, har shekara 77, sai a 2013 Andy Murray ya share musu hawaye. A nan muka rabu da ita, ta ce tana da kujerar da take so a wani ƙaramin fili, in ta tsaya surutu za a riga ta.

Tikitin haraba yana ba ka damar shiga duk ƙananan filaye, kuma a makon farko nan ne daɗin yake, don a kusa kake da 'yan wasa har kana jin numfashinsu. Ni da ma na san inda za ni. Ons Jabeur ta Tunisiya tana wasa ƙarfe 11, ita ce ta kai wasan ƙarshe a nan sau biyu a jere, 2022 da 2023, ba ta ci ko ɗaya ba, kuma duk ɗan Afirkan da ke bin tanis ya ji zafin wannan a jikinsa. Muka samu wuri a sahu na biyu. A nan na ga ciyawar Kawu, tsakanina da ita bai fi taku huɗu ba. An yi mata aski daidai wa daida, milimita 8, da ratsi-ratsin da injin yanka ya bari, wani mai haske wani mai duhu. Iri ɗaya tak ake shukawa tun 2001, don ta fi jure taku. Ƙwallo in ta sauka a kanta ba ta tashi sama kamar a siminti irin namu na Kano, sulɓewa take yi ƙasa-ƙasa, sai ɗan wasa ya durƙusa ya ɗebo ta. Ƙanshinta ma na ji, irin na ɗanyar ciyawa da aka yanka da safe.

Wasan bai yi mana daɗi ba. Ranar ita ce ranar buɗe gasa mafi zafi a tarihin Wimbledon zuwa wannan lokacin, ya haura maki 32. Da farko dariya muke, mu da muka san Afrilun Kano da Zariya, muna kallon Turawa sun yi jajir suna fifita da hula. Kafin azahar dariyar ta ɗauke, don babu inuwa, babu iska, ga rashin barci. Jabeur ta nemi likita tun a turmin farko, aka auna ta, ta rufe fuska da tawul. Ta dawo ta yi ta fama, ta rasa turmin da ƙyar, aka shiga na biyu aka ci ta wasa biyu, sai ta taka zuwa raga ta miƙa wa Viktoriya Tomova ta Bulgeriya hannu, ta janye. A ƙasarsu Ministar Farin Ciki suke ce mata. Ta wuce ta gabanmu kanta a sunkuye, jama'a suka miƙe suna tafi. Wata mata mai lulluɓi a bayana tana ta yi mata addu'a da Larabci.

Bazazzage shi abin da ya dame shi lissafi ne. Me ya sa daga 15 sai 30 sai 40? Ina 45 ta tafi? Na ce haka aka gada. Ya ce Kanawa ne suka tsara, an ci riba biyar. Sai kuma shirun. Da ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo zai buga, mutum ɗari-ɗari su yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, in wani ya yi motsi alƙali ya roƙi a yi shiru. Ba a shiga ba a fita sai 'yan wasa sun zauna canjin gefe, akwai mai tsaron ƙofa da igiya. A manyan filaye sojoji ne da 'yan kwana-kwana cikin kaki ke nuna wa mutane kujera, al'adar da sojoji suka faro tun 1946. Yaran da ke tsintar ƙwallo kuwa, su na fi kallo saboda Kawu. Kusan 250 ne, daga makarantun unguwannin kusa, an horar da su wata da watanni. Yaro ya durƙusa a bakin raga kamar an dasa shi, ƙwallo na faɗuwa ya fyalla ya ɗauke ya koma, ya mirgina ta a ƙasa ta tafi santal zuwa hannun ɗan'uwansa. 'Yan mata sai 1977 aka fara ɗaukarsu. Da muryar na'urar ta ce ƙwallo ta fita, sai na ga wasu tsofaffi sun waiga bayan fili inda alƙalan layi suka saba tsayawa, babu kowa.

Farin kaya kuma ba a wasa da shi. Asalinsa wai don kada a ga shatin gumi a jikin mai mutunci, abin kunya ne a wurin Turawan wancan zamani. Maimakon dokar ta yi laushi da tafiyar shekaru, ƙara tsauri ta yi: fari fat, ba ruwan madara ba, in da ratsin launi kada faɗinsa ya wuce santimita ɗaya. Roger Federer, mai kofi takwas a nan, an sa shi canja takalmi a 2013 don ƙasan takalmin ruwan lemo ne. Andre Agassi ya ƙaurace wa gasar shekara uku, daga 1988 zuwa 1990, dokar kayan tana cikin abin da ya hana shi, ya dawo ya sa farin ya ci kofi a 1992. Sassaucin da aka yi na kirki shi ne na 2023, da aka yarda mata su sa gajeren wando mai duhu a ciki saboda kwanakin al'ada. Wanda ya taɓa sa farar shadda ya hau acaba zai gane irin fargabar da aka ɗauke musu.

Da rana muka sayi sitiroberi da kirim ɗin madara, don in ba ka ci ba wai ba ka zo ba. Fam 2.70 ɗan kwano mai kusan ƙwaya goma, bayan shekara goma sha biyar yana fam 2.50. Daga gonakin Kent ake tsinko su da asuba a kawo a ranar. Suna da daɗi, ban ce ba su da shi ba, amma na ci na Jos da ba su fi su da komai ba. Muka leƙa Fili Na 18, inda aka manna allon tunawa da wasan John Isner da Nicolas Mahut na 2010: awa 11 da minti 5, cikin kwana uku, turmin ƙarshe 70 da 68. Ba za a sake irinsa ba, an canja doka, yanzu in turmin ƙarshe ya kai shida da shida sai a yi raba-gardama. Shahon da ake kira Rufus, mai korar tantabaru daga filaye, shi ban gan shi ba, da sassafe yake aikinsa muna can muna naɗe tanti.

Akwai wata ƙofar kuma da Mama ta koya mana tun da dare. Wanda ke da kujera a babban fili in ya gaji ya tafi gida, ana sake sayar da kujerarsa daga ƙarfe uku, a 2025 fam 15 ta Filin Tsakiya, fam 10 sauran biyun, kuɗin kuma na sadaka ne. Shi ma layi ne, amma a waya, ka yi rajista ka tafi harkarka sai an kira ka. Muka yi tun da muka shigo, muka hau tudun nan mai katon allon talabijin da ake kira Tudun Henman, muka zauna a ƙasa cikin dubban mutane. Bisa al'ada zakaran maza na bara ne ke buɗe Filin Tsakiya ranar Litinin ƙarfe ɗaya da rabi, don haka Carlos Alcaraz ne a allo. Kowa ya ɗauka zai yi wa Fabio Fognini, ɗan Italiya mai shekara 38, cin kaca. Sai da suka yi turmi biyar, sama da awa huɗu da rabi. Ba wanda ya bar kujerarsa ana wannan, ni kuwa ina ta duba waya kamar mai jiran alat ɗin albashi.

Sai da rana ta yi sanyi saƙon ya shigo. Muka ruga, muka biya, muka haura matakala, wani soja ya tsayar da mu a bakin ƙofa har aka yi canjin gefe, sannan ya ɗaga igiya.

Filin Tsakiya yana cin mutum kusan 15,000, amma ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, kamar an rungume filin. Ga rumfar sarauta can da kujerunta, inda ba a zama sai da kwat da laƙtaye, ko Lewis Hamilton, zakaran tseren mota, an taɓa mayar da shi daga ƙofarta a 2015 saboda shiga. Na zauna na yi shiru. A nan Althea Gibson ta zama baƙar fata ta farko da ta ci gasar a 1957. A nan Arthur Ashe ya kayar da Jimmy Connors a 1975. A nan Venus Williams ta karɓi kuɗi daidai da na zakaran maza a 2007, shekarar farko da aka daidaita ladan, bayan ita da kanta ta yi ta fafutukar hakan. Martina Navratilova ta ɗaga farantin mata sau tara a kan wannan ciyawa. Na so in yi wa Bazazzage bayanin duk wannan, na juya na ga ya yi barci, baki buɗe.

Alexander Zverev na Jamus ne ke karawa da Arthur Rinderknech na Faransa. Da duhu ya fara aka ja rufin aka kunna fitilu, ƙarar ƙwallo ta canja, ta koma kamar ana sara itace a cikin ɗaki. Kowa ya ci turmi ɗaya, duka biyun da raba-gardama, wasa ya ɗau zafi, sai alƙali ya ce a tashi sai gobe. Ƙarfe 11 na dare ba a wuce ta a Wimbledon ko wane ne ke wasa, sharaɗin da ƙaramar hukumar yankin ta gindaya ne lokacin da aka yi rufin, don maƙwabta su samu barci. Jama'a suka yi gunaguni suka miƙe. Washegari Bafaranshen ya ƙarasa shi, a waya na gani. Muka karɓo tanti da filas, muka bi ayari zuwa Southfields. Ta cikin shingen Wimbledon Park na hango sababbin tantuna sun riga sun cike gurbin namu.

Da hantsi na kira Kawu. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ka gani?"

"Na gani, Kawu. Ciyawa ce."

"Ka taɓa da hannunka?"

"Ba a bari a taka, balle a taɓa."

"To ta yaya ka san ba darduma ba ce?"

Na ce masa da yamma na sake bi ta ƙaramin filin da muka fara zama, na ga bayan layin ƙarshe, inda 'yan wasa ke tsayawa su yi bugun farko, ta riga ta fara kwanciya ta dusashe, a yini ɗaya tak, kuma kafin ranar wasan ƙarshe wurin zai koma ƙasa tsura. Ya yi shiru, har na ɗauka layi ya yanke. Sai ya tambaye ni yaran masu tsintar ƙwallo, da takalmi suke ko ba takalmi. Na ce da takalmi, iri ɗaya, har da hula. Ya ce su a zamaninsu ƙafa tsirara suke yi, a kan siminti, da rana tsaka.

"Katin layin nan da ka ce, yana nan?"

"Yana nan, Kawu."

"Kada ka lanƙwasa shi. Ka sa shi cikin littafi, in za ka zo hutu ka taho mini da shi."